Zamanin da Harshe Ke Gane Ganyen Shayi

Duk wanda ya tashi a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Bahar Azrak a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, zai tuna la'asar ɗin da. Dattawa sun dawo daga gona, an shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, gawayi ya yi ja a kanun, wato murhu, an ɗora barradi, wato butar shayi, sai kowa ya kwance ƙullin ganyen da ya awo wurin mai kanti, wuƙiya guda ko rabi, a ɗan tsumma ko takarda.

Kakana kan zuba ganyen a tafin hannu ya murza, ya sansana, kafin ya yarda ya taɓa ruwa. Dogon ganye mai murɗe, na Silan ke nan, ƙasar da ta koma Siri Lanka a 1972: ruwansa garai-garai, ƙamshinsa na riga ɗanɗanonsa isowa, bauri kaɗan a gefen harshe, kuma ba ya son a dame shi da madara. Na Indiya mai jiki ne, shi ake dafawa da madara har ya yi kauri, a sha da zalabiya da sassafe. Da na Kenya ya shigo, ƙananan ƙwayoyi kamar tsaki, mai ja nan take, tsofaffi suka ce yana da ƙarfi amma ba shi da haƙuri.

Har ruwan ma ana gardama a kansa. Na kogi da ya kwana a randa ya kwanta shi ne sarki. Na rijiya mai ɗan gishiri yana dusashe launin shayin. 'Yan uwanmu na ƙauyukan Jazira, waɗanda tsintar auduga ta zaunar tun da aka gama madatsar Sannar a 1925, in sun zo ziyara sukan rantse cewa ganye ɗaya ne, amma na gidanmu ya fi garɗi. Kurɓar farko babu sukari, babu kirfa, babu na'ana'a. Sai an yanke wa ganyen hukunci tukuna.

“Malam, wannan ya sha iska a kanti,” in ji wani.

“A'a Alhaji, mai dafawar ne ya yi garaje.”

A haka magariba za ta riske su, kofi uku kacal aka sha.

Yau jaka ce mai zare, a tsoma a tsame, a zuba sukari cokali huɗu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa ya watsa majalisu da yawa, daga Wad Madani har Sinja.

Ku samari, in da sauran tsoho a gidanku, ku awo ganye iri biyu ku kai masa, ku hura gawayi, ku ajiye wayar. Ku bar shi ya fara kurɓa, sannan ku tambaye shi wanne ne na ina.