Tsakuwar da Ta Kusa Raba Ni da Inna

Tun ina ƙarama, in za a gyara kaza Inna takan ce mini, "Ki yi hankali da matsarmama, in kika fasa ta nama zai yi ɗaci." Ban taɓa zaton 'yar jakar nan ce za ta kwantar da ita ba.

A hutun Babbar Sallar 2024, washegarin layya, Inna ta ci soyayyen nama. Cikin dare ciwo ya murɗe ta a ƙasan haƙarƙarin dama, yana harbawa har kafaɗa, ga amai. Bayan kwana uku idanunta suka yi rawaya, fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan shayi. Maƙwabta suka ce shawara ce, aka yi ta ɗura mata jiƙo. Sai ga zazzaɓi ya rufe ta.

Na tuna malaminmu na kimiyya ya ce shawara alama ce kawai, tilas a nemi abin da ya kawo ta. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a kai Inna asibiti." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, 'yar boko, je ki kira mai mota."

A asibiti aka auna jininta, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan, matsarmama kuwa ta adana shi. In mutum ya ci maiƙo sai ta matso ruwan cikin hanji don ya narkar da shi. Wani lokaci ruwan yakan daskare ya zama tsakuwa. Ɗaya daga cikin na Inna ce ta gangaro ta toshe hanyar, ruwan ya koma cikin jini. Ya ce masu ciwon sikila sukan sami tsakuwar tun suna yara.

Aka yi mata ƙarin ruwa da alluran kashe ƙwayoyin cuta, daga baya aka yi tiyata, aka fid da tsakuwar, aka cire matsarmamar ɗungum. Na tambayi likita yadda za ta rayu babu ita. Ya ce ruwan zai riƙa zuba cikin hanji kai tsaye.

Alhamdu lillahi, Inna ta miƙe, har ta zo mini ziyara makaranta.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in kun ga idon wani ya yi rawaya, ku gaggauta kai shi asibiti kafin ciwo ya yi nisa. Allah ya ba mu lafiya, amin.