Smith: Maƙerin da Ya Ɓuya a Cikin Suna

A farkon zangon karatun bana 'yata ta dawo gida da takardar rajistar jarrabawa, ta miƙo mini ina zaune a tsakar gida bayan sallar la'asar. Gurabe uku ne a saman takardar: na sunanta, na suna na tsakiya, da na sunan zuri'a. Malaminsu ya gargaɗe su cewa abin da aka rubuta a nan tilas ya yi daidai da wanda zai hau lambar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma shi ne zai bi ta har jami'a, har fasfo, har takardar ɗaukar aiki. Ta ce, "Baba, wanne ne sunan zuri'armu?" Na buɗe baki in amsa, sai na ga ba ni da amsar da na gamsu da ita. Sunan da ni nake amfani da shi a wannan gurbi sunan wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, wanda sau biyu kacal ta taɓa taka ƙasarsa. Na ce ta ba ni kwana uku.

Abin da ya hana ni cike gurbin nan take ya faro ne shekaru da dama da suka wuce, a Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, nan Kaduna ta arewacin kogi. Gidan Sardaunan Sakkwato ne, Sa Ahmadu Bello, inda aka kashe shi a daren 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da shi cibiyar adana tarihi da bincike, kuma wanda ya fara shugabantarta wani Bature ne mai suna Farfesa Abdullahi Smith. Ina ɗalibi nakan je can karatu. Wata rana wani dattijo da muke zama kusa da juna ya ga na tsaya ina duban sunan a bangon wani littafi, ya ce, "Yaro, ka san ma'anar Smith?" Na ce, "A'a, Malam." Ya ce, "Maƙeri ke nan." Ya ci gaba da karatunsa. Bai san cewa da jikan maƙeri yake magana ba, kuma a lokacin ba abin da nake faɗa wa mutane ba ne.

Kalmar tsohuwa ce a harshen Ingilishi. Tun kafin a fara gadon suna a ƙasar, da ita ake kiran mai sarrafa ƙarfe da wuta da masaba. Mutanen Ingila na wancan zamani kamar mu suke: suna ɗaya mutum yake da shi, in an so bambanta shi da takwaransa sai a haɗa da sunan ubansa, ko garinsu, ko sana'arsa, ko wata siffa ta jikinsa. Bayan da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar a 1066, manyan masu filaye suka fara riƙe suna guda daga uba zuwa ɗa, domin gadon ƙasa yana bukatar a san wane ɗan wane. Sannu a hankali al'adar ta gangaro zuwa talakawa, kuma rubutun haraji ya taimaka ƙwarai, musamman harajin kai da aka karɓa tsakanin 1377 da 1381. Wajen shekarar 1400 mafi yawan gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da ake gado. Daga nan laƙabi ya daskare. Ɗan maƙeri ko ya zama manomi ko limamin coci, Smith za a ci gaba da kiransa, da shi da jikokinsa.

Ta wannan hanya aka sami Taylor, wato tela, da Baker mai gasa burodi, da Thatcher mai baibayar ɗaki, da Miller mai niƙa, sunan da mutanen Zariya suka sani ta wajen Likita Mila na Wusasa. Amma babu wanda ya kamo ƙafar Smith wajen yawa. Shi ne sunan zuri'a mafi yawa a Ingila, inda kusan mutum ɗaya cikin kowane ɗari yake ɗauke da shi. Haka yake a Ostareliya. A Amurka ƙidayar 2010 ta sami mutum sama da miliyan 2.4 masu wannan suna, kuma shi ne na farko a jerin.

Dalilin yawan a fili yake ga duk wanda ya tashi a karkara. Ƙauye yana iya rayuwa babu mai gasa burodi, domin kowace mace tana iya yin nata, amma ba ya iya noma babu mai yi masa garma da lauje da gatari. Saboda haka kowane gari yana da maƙerinsa, kuma galibi guda ɗaya ne ko biyu, abin da ya sa laƙabin ya isa ya bambanta mutum. Da a ce "manomi" aka kira shi, da ba a ce komai ba, tunda kowa manomi ne. Wannan yana nuna cewa masu sunan Smith ba kaka ɗaya ya tara su ba. Dubban maƙera ne a dubban ƙauyuka, waɗanda ba su taɓa sanin juna ba. Hujja ta biyu ita ce sauran harsuna ma haka suka yi: Schmidt a Jamus, Lefebvre a Faransa, Ferrari a Italiya, Kowalski a Folan, Kuznetsov a Rasha, Haddad a ƙasashen Larabawa, duk maƙeri suke nufi ko abin da ya danganci ƙira. A Amurka kuma wasu abubuwa sun ƙara masa yawa: Jamusawa baƙi da yawa sun mayar da Schmidt ya koma Smith don su saje, sannan bayin da aka kwaso daga Afirka sau da yawa sunan iyayen gijinsu aka laƙaba musu, ya zauna a kan zuriyarsu bayan 'yanci.

Masu wannan suna da suka bar sawu a tarihin Arewa kowanne da irin hanyar da ya bi. Akwai Sa Bryan Sharwood-Smith, wanda ya zauna a nan Kaduna yana shugabancin Jihar Arewa daga 1952 zuwa 1957, Hausawa suka yi masa laƙabi da Mai Wandon Ƙarfe. Ga shi ƙarfen ya biyo shi ta fuska biyu. Akwai M. G. Smith, haifaffen Jamaika, wanda ya wallafa littafi a kan sarautar Zazzau a 1960, da matarsa Mary Smith, wadda ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Sai Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya horar da masana irin su Yusufu Bala Usman, ya rasu a 1984. Da ya musulunta ya ajiye sunayen yankansa na Turanci ya ɗauki Abdullahi, amma Smith ya bar shi a wurinsa. Gwamna, da masanin al'umma, da malamin tarihi: babu ɗayansu da aka sani da ƙira, amma kowanne yana yawo da shaidar cewa a can baya akwai wani da ya ci abinci daga bakin wuta, ko kuwa wani da maƙeri ya mallaka.

Mu Hausawa ba mu gaji irin wannan tsari ba. Addini da al'ada sun haɗu a kan a jingina mutum ga ubansa: Musa ɗan Isa, gobe ɗan Musa ya zama Ali ɗan Musa, sunan Isa ya faɗi. Makarantar boko ce ta zo da rajista mai neman suna na biyu, kuma malaman farko suka riƙa cike gurbin da sunan gari. Daga nan muka sami Aminu Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shehu Shagari, da Isa Kaita; shi kansa Sardauna da Ahmadu Rabah aka san shi a Kwalejin Katsina, sunan da titin Gidan Arewa yake tunawa. Wasu gidajen sun riƙe sarauta: Waziri, Galadima, Ciroma, Madaki. Wasu sun riƙe laƙabin kasuwanci irin su Maiturare da Maigoro. Amma ka duba jerin sunayen kowace makaranta, da wuya ka ga Maƙeri, ko Majemi, ko Wanzami, ko Mahauci, alhali babu garin da ba su. Mun zaɓi abin da za mu gada a rubuce, kuma sana'ar hannu ba ta cika shiga zaɓin ba.

Kakana maƙerin baƙi ne, wato mai aikin baƙin ƙarfe, ba maƙerin fari mai awarwaro da zobe ba. Ina ɗan shekara bakwai aka kai ni wurinsa hutu. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar zugazugi, da warin gawayi, da yadda yake ɗaga jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ya buga da masaba ba tare da ya ɗaga kai ba. Gab da faɗuwar damina manoma kan yi layi a ƙofar maƙerarsa da fartanyoyinsu, ba a biyansa sai kaka, da damin gero ko na dawa. Ba wulakantacce ba ne a garin. Yana zama kusa da Sarkin Maƙera ranar salla, kuma yara suna tsoronsa domin ana cewa wuta ba ta cin maƙera.

Mahaifina shi ne ɗan da aka ba boko. Ya gama ya zama akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, ya yi gida a Unguwar Shanu, inda aka haife mu. Ban taɓa jin ya yi maganar ƙira ba. A daren kwana na biyu na je gaishe shi, na ɗauki takardar 'yata. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, me ya sa kuka rubuta sunan gari, ba ku rubuta laƙabin Kaka ba?" Ya yi shiru har na ɗauka na yi rashin ladabi. Can ya ce ranar da aka kai shi makaranta, da aka tambaye shi suna, cewa ya yi "Ɗan Maƙeri", domin haka kowa yake kiransa. Yaran ajin, waɗanda yawancinsu 'ya'yan masu sarauta ne da malamai, suka fashe da dariya, suka riƙa nuna baƙin gawayin da ke cikin faratansa. Da aka zo sabunta rajista a shekara ta gaba, shi da kansa ya roƙi a sa masa sunan gari. Ya ce, "Ina ɗan shekara tara. Ban yi shawara da kowa ba, kuma mahaifina bai iya karatun boko ba, har ya rasu bai san na cire shi ba."

Na ba shi labarin Smith, da miliyoyin da ke ɗauke da shi, da gwamna da farfesa. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya ce, "To, a cikinsu nawa ne za su iya yin fartanya?" Na ce kaɗan ne. Ya ce, "Ka gani. Su sun riƙe suna sun saki sana'a, mu mun saki duka biyun. Kada ka ɗauka in ka rubuta kalma a takarda ka biya bashin." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce. Turawan Ingila ba don girmama maƙera suka riƙe sunan ba. Mai karɓar haraji ne ya rubuta, rubutu kuwa ba ya mantuwa. Yau Bature yana jin Smith ba ya tuna wuta, kamar yadda mai karanta littafin Adam Smith na 1776 kan tattalin arziki ba ya tunanin masaba. Suna yana iya daɗewa har ma'anarsa ta goge. Amma na ce masa akwai bambanci tsakanin abin da ya goge da abin da aka goge. Wanda ya goge, wata rana wani dattijo a ɗakin karatu zai iya tono shi da jimla ɗaya. Wanda aka cire daga rajista babu inda za a tono shi.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu naɗe a tsohon ƙyalle. Awartakin Kaka ne, bakinsa ya cinye saboda aiki. Sama da shekara talatin yana cikin akwatinsa, ko mahaifiyarmu ba ta sani ba. Ya ce, "In za ka rubuta, ka rubuta. Amma ka kai ta ta ga yadda ake yi."

Hausawa suna cewa suna linzami ne. Linzami kuwa maƙeri ke yin sa. Ranar kwana na uku na cike takardar: sunanta, sunana a tsakiya kamar yadda addini ya so, sannan Maƙeri a gurbi na uku. Mahaifiyarta ta nuna damuwa, ta ce yara ba su canza hali ba tun zamanin Baba, kuma ba ni ne zan zauna a ajin ba. Tana da hujja, don haka muka tambayi mai sunan. Ta ce tana so ta fara gani.

Ranar Asabar na kai ta Panteka, inda har yau ake narka dalma da goran ruwa, ana ƙera tukwane da murhu da ƙofofi da injin niƙa daga ƙarfen da wasu suka zubar. Na nuna awartakin ga wani dattijon maƙeri. Ya juya shi a hannu, ya ce aikin mutanen da ne, yanzu ba a yin irin wannan haɗi. Ya bar ta ta ja zugazugi har garwashin ya yi ja. A hanyar komawa gida, muna cikin Keke Napep, hannunta duk baƙi, ta tambaye ni ko za a iya sa ƙ mai lanƙwasa a kwamfutar masu rajista, ko kuwa "Makeri" za su rubuta. Na ce mai yiwuwa "Makeri" za su rubuta. Ta ce ba komai, ita za ta riƙa gyara musu.