Ashe Laifin Ba na Waya Ba Ne!

Ya hau! Wallahi ya hau! Ƙarfe biyu saura na dare fuskar amarya ta bayyana a talabijin, daga cikin kaset, na daka wani tsalle har na ture kofin shayi. Ƙanena da ke barci kan tabarma ya zabura yana salati, ya zaci gobara ce.

Bari in fara daga tushe. Bikin 'yar yayata na ɗauka da ƙaramar kyamarar MiniDV, kaset uku, kowane awa guda. Zuba su a kwamfuta ta wayar FireWire bai ba ni ciwon kai ba, in ban da cin wuri, don awa ɗaya kan lashe wajen gigabait 13. Na zauna da manhajar Premiere na yanke, na haɗa kamu da ɗaurin aure da kai amarya, aiki ya yi kyau. Sai Hajiya ta ce, "Ni fa kaset nake so, wanda zan sa wa baƙi a falo." VHS ke nan.

Nan gizo ya fara saƙa. In danna wajen fitarwa zuwa kaset, kyamara ta yi mini gum. Na sauya waya har sau uku. Na goge manhaja na sake ɗorawa. Kwana huɗu ina zargin kaina da jahilci.

Wani dattijo mai gyaran bidiyo ne ya raba gardama. Ya haska tocila a bakin ramin wayar da ke jikin kyamara, ya ce, "Karanta, ɗana." DV OUT. Shi ke nan, babu IN! Ya yi dariya ya ce kyamarar 'yar Turai ce. Ashe a wancan lokacin, a ƙasashen Tarayyar Turai, kyamarar da ke iya karɓar hoto daga waje ana lissafa ta a jerin injinan naɗar bidiyo, harajin shigo da ita kashi 14 cikin ɗari, wadda ba ta karɓa kuwa kashi 4.9. Sai kamfanoni suka riƙa toshe ƙofar shiga da gangan. Mu kuma da yake a lokacin tsarin talabijin na PAL muke amfani da shi irin nasu, hoto 25 a daƙiƙa, kwancensu ne ke zuwa mana. Dubi ikon Allah, harajin wata nahiya ya hana ni barci a Kano!

Na aro ta abokina mai rubutun DV IN/OUT. Ga yadda na jera su: FireWire daga kwamfuta zuwa kyamara, sannan wayar nan mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, daga kyamara zuwa bayan bidiyo. Kyamarar ta zama tafinta kawai, ko kaset ban sa mata ba. Na mai da bidiyo tashar AV, na cusa sabon kaset E-180, na danna jan maɓalli, na saki fim. Babu gaggawa a nan. Fim na minti 80, zaman minti 80 ne cur, kana addu'a kada a ɗauke wuta.

Zubin farko ya koya mini hankali. Na rubuta sunan ango can gefe, talabijin ya cinye harafi biyu. Siririn rubutu rawa yake yi a VHS, jan leshin ƙawaye kuma ya ɗan malala kamar an zuba masa ruwa. Na jawo rubutun tsakiya, na ƙara masa kauri, na rage zafin ja, na sa baƙin allo na daƙiƙa 10 a farko don bakin kaset yakan zo da birkicewa. Zubi na biyun ne ya sa ni tsalle.

Da safe na karya ɗan kunnen kaset don kada wani ya naɗi wasan ƙwallo a kai, na kai wa Hajiya. Sau uku ta kalla kafin azahar.

Ɗan'uwa, in za ka sayi kyamara ta hannu, tafi da tocila, ka karanta abin da ke bakin ramin nan kafin ka ƙirga kuɗi.