Lambar da na ɓoye a cikin kwamfuta

Ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, ni aka ɗora wa shirya gasar gudu ta lakwal ɗinmu a nan Tajaye. Kyautar ba wata mai yawa ba ce, jaka ɗaya ce da 'yan littattafan rubutu, amma duk wanda ya zauna da yara ya san ba don jakar suke zuba gudu ba. Damuwata ita ce kyautar guda ce tak, masu gudun kuwa sun kama daga 'yan CE1 masu shekara 9 har zuwa 'yan CM2 da wasunsu sun kai 14, murya ta fara buɗewa.

Wani ƙanena da ke gyaran salula a Konni, mutum ne da tseren motoci ya shiga ransa, shi ya nuna mini manhajar da masu wannan wasa ke riƙe lokaci da ita. Ya ce kafin a tada ko mota ɗaya, abu biyu ake shigarwa: ajin kowace mota, da lambar da za a ninka lokacinta da ita.

Maganar aji ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a Disamban 1978 ya ƙare a Janairun 1979, ya ratsa Nijar ta Arlit da Agadez zuwa Yamai. A wannan karon jeri ɗaya aka yi wa kowa, babur da mota, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur ƙirar Yamaha. Daga 1980 aka raba: babura daban, ƙananan motoci daban, manyan motoci daban, kowane rukuni da gwaninsa.

Lambar ninkawa ita ce ta ɗauki hankalina. A Amurka akwai wani tsere da ake jera alamu a fili, mota ɗaya-ɗaya ta bi tsakaninsu ana duba agogo. Don a fitar da gwanin yini daga motoci mabambanta, suna amfani da ma'aunin da suke kira PAX. Ajin da ya fi kowa gudu lambarsa 1 ce, sauran kuma ƙasa da haka. A ce mai motar tsere ya gama a sakan 50, mai motar gida ya gama a sakan 60 amma lambar ajinsa 0,8 ce: 60 sau 0,8 ya ba da 48, mai motar gida ya yi nasara ke nan. Ana so a auna hannun direba, a cire ƙarfin injin da zurfin aljihun mai shi. A matsayina na malami, wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Mu ma ai muna da namu kwafisiyan, da shi muke sa wani darasi ya rinjayi wani a sakamakon ɗalibi.

Sai na yi jadawali a kwamfutar darakta. 'Yan CM2 na ba su 1, 'yan CE1 na ba su 0,75, sauran na raba musu tsakani. Ban gaya wa kowa ba. Ranar gasa wani dogon yaro na CM2 ya cinye mita 100 a sakan 14, ya bar kowa a baya, fili ya ɗauki sowa. Wani ɗan firit na CE1 ya yi sakan 18, lissafi ya mayar da shi 13,5. Na kira sunan ƙaramin, na miƙa masa jaka. Filin ya yi tsit.

Washegari mahaifin babban yaron ya iske ni a ƙofar aji. Bai ɗaga murya ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, da idona na ga ɗana ya riga kowa. Wa ya ce ba shi ba ne?" Abin da ya fito daga bakina har yau ina jin kunyarsa. Na ce, "Alhaji, kwamfuta ce ta fitar." Ya dube ni ya ce, "To ita kwamfutar, wa ya gaya mata?"

Ni na gaya mata. Wannan 0,75 daga kaina na ƙago ta a daren jajibiri, ban auna gudun yaro ko ɗaya ba. Da 0,8 na rubuta, lokacin ƙaramin zai zama 14,4, jaka ta tafi gidan Alhaji. Da na koma wa ƙanena da labarin, dariya ya yi mini. Ya ce su can lambar daga sakamakon tsere masu ɗimbin yawa ake fitar da ita, ana sabunta ta kowace shekara, ana kuma wallafa ta kowa ya gani tun kafin a fara, duk da haka direbobi ba su daina gardama a kanta ba. Ni rabin dabarar na ɗauko, na bar rabin da ke sa mutane su yarda.

Akwai kuma abin da na manta game da mutanenmu. A kokawar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba a raba 'yan kokawa bisa nauyi. Wanda aka kayar, kowa ya gani an kayar da shi. Mutanen da suka tashi a kan haka ba za ka zo musu da hukuncin da ido bai gani ba, ba tare da bayani ba, ka ce su tafa.

Har yanzu ban yarda a bar ɗan shekara 9 ya kara da ɗan shekara 14 a ce an yi adalci ba. Amma bana hanyar Paris-Dakar zan bi: rukuni uku bisa shekaru, kyauta uku ko da ƙanana ne, na riga na kai maganar gaban ƙungiyar iyayen yara. Shi kuwa dogon yaron, da albashi ya shigo na sayo masa jaka a kasuwar Konni. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, amma ƙannensa da ke ajina sun ce ba su taɓa ganin ya rataya ta ba.