Bashin Taba

Muna roƙo ku ba mu aron hankalinku a kan wani ɗan abu wanda tsawonsa bai wuce yatsa ba, amma ya ka da manyan mutane da yawa, watau karan sigari. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, mu masu koyon aikin malanta muna cikin shekarun da taba ta fi kama mutane, yaran da za a danƙa mana gobe kuwa suna bakin shiga waɗannan shekaru.

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne. Turawa ba su san ta ba sai bayan da Kolumbus ya isa can cikin 1492. Wajen 1560 wani jakadan Faransa a ƙasar Fotugal, mai suna Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsu, yana yabonta wai magani ce. Daga sunansa aka ciro sunan dafin da ke cikin ganyen, watau nikotin. Mu ma nan ƙasar Hausa ta daɗe da zuwa. Kakanninmu sun sha ta a lofe, sun sa garinta da kanwa a baki, mata kuma sun goga furenta a haƙori don ado. Duk wannan zamani ba wanda ya san yadda take aiki a cikin jiki. Yanzu kuwa an sani.

In mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin kan bi ta huhu ya shiga jini, kafin daƙiƙa 20 ya kai ƙwaƙwalwa. Can sai ya taɓa wurin da ke sa ɗan Adam jin daɗi, wurin nan da kan motsa in mayunwaci ya sami tuwo, ko mai ƙishi ya sami ruwan randa. Amma daɗin ba ya jimawa, gama cikin kamar awa 2 rabin abin da ya shiga jini ya tafi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, da ta ga baƙon nan yana yawan zuwa, sai ta ƙara masa masauki. Ran da ya yi jinkiri, sai masaukan nan su shiga nemansa: mutum ya ji ƙunci, ya yi ta faɗa ba dalili, karatu ya ƙi shiga. Da ya kunna wani kara sai ya ji sauƙi, ya ce taba ta kwantar masa da hankali. Ashe hankalin da ta kwantar, ita ta tashe shi tun da fari. Wanda bai taɓa sha ba yana zaune da wannan natsuwa kyauta tun safe har dare. Mashayi kuwa sai ya saye ta da kuɗinsa, kamar mai biyan bashi da ruwa, kullum yana biya, uwar kuɗi tana nan daram.

Da yake lissafi na cikin abin da za mu koyar, bari mu buga a allo. A ce mutum yana shan kara 10 a yini, kowane kara yana zuƙarsa sau 10. Ya zama zuƙa 100 a yini, 36,500 a shekara. Tun muna makarantar allo muka san cewa abin da aka yi ta biyawa shi ke zama a ka. To, ina ga darasin da ake biya wa ƙwaƙwalwa sau 36,500 kowace shekara? Shi ya sa taba kan manne wa al'amuran yau da kullum, kamar bayan cin abinci da zaman hira, har hannu ya riƙa zuwa aljihu ba da izinin mai shi ba.

Nikotin shi ne igiyar da ke ɗaure mutum, amma yawancin ɓarnar hayaƙin ke yinta. A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Akwai kwalta mai liƙewa a huhu. Akwai kuma irin iskar nan mai guba da gawayi kan fitar a rufaffen ɗaki, wadda ke rage wa jini ƙarfin ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Daga nan ne ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da tarin da ba ya jin magani kan samo hanya. Shisha ma haka take, ruwan da ke cikin tulunta ba ya tace dafin.

Ba da ka aka faɗi wannan ba. Cikin 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi asibitocin Landan suna tambayar masu ciwon dajin huhu, suka tarar kusan dukansu mashaya taba ne. Cikin 1951 suka soma bin rayuwar dubban likitocin ƙasarsu, aikin ya ci shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna mai shan taba har ƙarshen ransa kan yi hasarar wajen shekara 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba su sha, hayaƙin wani suke shaƙa, kamar matan aure da 'ya'yan da ke kwana ɗaki ɗaya da mashayi.

Masu sayarwa sun daɗe suna musun wannan. Har cikin 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba 7 na Amurka sun tsaya gaban majalisar ƙasarsu, sun ce su ba su yarda nikotin yana kama mutum ba. Daga baya takardunsu na cikin gida suka fito, aka ga an daɗe da sanin gaskiya a can. A ƙasar tasu kuwa an ƙididdige cewa kusan 9 cikin 10 na masu sha kullum sun fara ɗanɗanawa ne tun ba su wuce shekara 18 ba. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, don haka ta fi saurin karɓar baƙon. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu taba ma sun san wannan karin magana.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Amma sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa cikin gari, mun ga kwali a buɗe a kan teburin mai alewa, kusa da hanyar da yara ke bi. Mun kuma ga babba ya miƙa wa yaro kuɗi ya ce ya sayo masa. Wannan aike darasi ne cikakke: yaron ya san wurin, ya san farashi, ya kuma ga mutumin da yake girmamawa yana so. Ɗalibi kan karanta hannun malaminsa kafin ya karanta allonsa. In mun tsaya a aji muna koyar da kiwon lafiya rigarmu tana warin hayaƙi, hancin yara zai riga kunnensu fahimta.

Wanda taba ta riga ta kama a cikinmu, kada a yi masa dariya, kada shi kuma ya fid da rai. Kowane watan azumi mashayi kan yini tun asuba har faɗuwar rana bai kunna ba, wannan shaida ce cewa igiyar tana tsinkuwa. Wahalar bari ta fi tsanani cikin makon farko, sa'an nan ta riƙa raguwa cikin 'yan makonni. Likitoci suna da magungunan taimako, kamar cingam na nikotin da abin liƙawa a fata. Binciken likitocin Ingilan nan ya nuna wanda ya bari wajen shekara 30 kan komo da kusan dukan shekarun da zai yi hasara, mai shekara 60 ma yakan sami wajen 3. Mu kuwa ko 30 ɗin ba mu kai ba.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa abu biyu. Kada ɗayanmu ya miƙa wa abokinsa karan farko da sunan kirki, ko da daren jarrabawa ne. Ran da muka kama aiki kuma, kada a sami malamin da ya fito daga makarantar nan yana aiken yaro sayen taba. Allah ya ba mu lafiya, ya kiyaye yaran da za a ba mu amana, amin.