Wane Malam Ɗin?

Tun muna yara labari ɗaya ake ba mu a gida: uban kakanmu yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Wai ya tsira daga yaƙin Burmi, inda aka kashe Sarkin, ya bi ayarin Mai Wurno har Sudan, bai sake dawowa ba. Da wannan muke tinƙaho. Ni kaina na sha ba abokai labarin a makaranta, har da ƙarin gishiri.

Da mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, gafakarsa ta faɗo a rabona. A tsakanin warƙoƙin Alƙur'anin na tarar da wata 'yar takarda da ta yi jawur, gara ta ci gefenta, rubutun ajami da tawadar zuge. Na kai wa wani malamin allo a unguwarmu ya karanta mini. Shaidar cinikin gona ce. Mai sunan uban kakanmu ya sayar da gonarsa a kan damman gero, a shekara ta 1332 bayan Hijira. Da na lissafa sai ta faɗa 1914, shekarar yunwar Kakalaba.

To, mutumin da ya bar ƙasar tun shekara goma sha ɗaya, yaya aka yi ya sayar da gona? Nan take na yanke hukunci cewa marubucin ne ya yi kuskure, na mayar da takardar na rufe. Gaskiya ba don ina da hujja ba ne. Labarin Burmi ne ya fi mini daɗi. Sai bayan watanni wata magana ta kakanmu ta dawo mini. Kullum yakan ce an haife shi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911. Uban da ya tafi a 1903 bai dawo ba, ba ya haihuwa a 1911. Shekara da shekaru muna jin maganganun nan biyu daga baki ɗaya, babu wanda ya taɓa haɗa su.

Na yi kwana uku a gidan adana takardun tarihi na Kaduna ina buɗa fayilolin haraji. Akwai hakimai, akwai dagatai, akwai adadin masu biya. Talaka kuwa lamba ce kawai.

Amsar tana ƙauye, a ɗakin goggona, yayar mahaifina, wadda ban taɓa tunanin tambaya ba don ba ta karatu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na ce, "Goggo, Malam da ya tafi gabas nake tambaya."

Ta ce, "Wane Malam ɗin? Ai biyu ne, ɗan nan."

Ashe wanda ya bi Attahiru baffan uban kakanmu ne, wan ubansa, kuma sunansa aka sa masa. Namu kuwa yunwa ce ta kore shi. Ya sayar da gonar, ya kai matarsa da ɗansu gidan iyayenta da geron, ya yi kudu wajen haƙar kuza a Jos, shi ma bai dawo ba. Matar tasa, saboda alkunya, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, balle na takwaransa. Wannan Malam, wancan Malam. Jikoki suna saurare da dare cikin gyangyaɗi, sai mutum biyu suka zama ɗaya.

Na ce me ya sa ba ta taɓa gyara mana ba. Ta watsa ɓawon gyaɗa ga kaji, ta ce, "Wa ya tambaye ni? Kuma wa zai tara jikoki ya ba su labarin yunwa?"

Da farko na ji kamar an ƙwace mini wani abu. Yanzu kuwa na fi jin kusanci da mutumin da ya rabu da gonarsa don ɗan shekara uku ya ci tuwo. Wannan yaron shi ne kakana.

Na rubuta salsalar gidanmu da Malam biyu, kowa a layinsa, na raba wa 'yan'uwa. Yayyena sun karanta, sun yi godiya. A ɗaurin auren da muka yi bara, na ji babbansu yana ba surukai labarin Burmi.