Kamar na kullum

Wani dare muna zaune a fada, shayi na biyu yana kan gawayi, sai wani abokinmu ya miƙo muna wayarshi. Bidiyo ne na wata mata a Amurka. Tana ɗaura takalmi, ta ɗaga murya ta ce ma wani ɗan akwati da ke bisa tebur ya sayo mata kafe irin wanda ta saba sha. Akwatin ya amsa, ya faɗi kuɗin, ya ce ta biya shago ta ɗauka. Alexa ke nan, ta kamfanin Amazon. Tun 2017 shagunan Starbucks suka fara karɓar oda ta murya.

Muka yi ta dariya. Wani ya ce, "To malamin harshe, gwada muna da taka." Na danna wayata, na ce da Faransanci ina son kafe da madara. Nan take ta jero mini wuraren shan kafe na Yamai. Na sake da Hausa: "Ina son shayi mai kauri, sukari kaɗan." Ta rubuto wasu kalmomin Faransanci marasa kai da gindi. Aka sake fashewa da dariya. Ni ma na dara, amma abin ya kwana a raina.

Da safe na tsaya wurin mai shayinmu na bakin ƙofa. Bayan gaisuwa na ce, "Kamar na kullum." Ya haɗa Nescafé da madarar gwangwani, ya yanko rabin burodi. Da ya ga ina lalube aljihu ya ce, "Bari, ɗalibi, sai wata ya ƙare." Abin da matar Amurka ta faɗa ma akwatinta shi na faɗa, sai dai shi wannan ya ji har abin da ban faɗa ba.

Amma ba kewar mai shayi ta sa na ɗauki alƙalami ba, shi yana nan daram. A aji mun koyi cewa inji ba ya jin harshe sai an ciyar da shi dubban awoyi na maganar mutane, haɗe da rubutunta. Faransanci da Ingilishi suna da wannan rumbu. Hausa kuwa rubutunta ma yana ɓoye rabin magana, don ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, kunne ne kawai ke raba su. Ga kuma bambancin baki: "mi" na Bagobiri, "me" na Bakano.

Sai na tuna Innata a Maradi. Ba ta yi boko ba. Duk harkarta da waya murya ce: ta danna WhatsApp ta yi magana, ta saurari amsa. In za a tura kuɗi ko a nemo lambar wani, sai ta jira ƙanena ya dawo daga lakwal. Matar bidiyon tana da yatsu da ilimin rubuta odarta, minti ɗaya kawai aka rage mata. Inna, wadda murya ce kaɗai hanyarta, injin bai san da ita ba.

Akwai wani shiri na Mozilla mai suna Common Voice, inda kowa ke iya karanta jimloli a naɗi muryarshi kyauta, kuma da Hausa a ciki. Na fara, jimla goma kowane dare. Ƴan'uwa ɗalibai, ku shigo, kowa da bakin garinsu, na Tawa da na Damagaram. In mun bar ma wasu aikin, ranar da inji zai ji Hausa ba irin ta uwayenmu zai ji ba.

Hutu mai zuwa zan zauna da Inna. Ni in karanta jimlar, ita ta maimaita.